Mai Rainon Dashe: Abin da Muka Gani Wurin Malaman Ƙananan Yara a Birnin Kano

 

A tarurrukanmu na bayan kaka, magana ɗaya ta taso a ƙungiyoyi uku dabam dabam. Waɗansu suna so a ɗebi wani abu daga asusun ƙungiya a riƙa biyan wata mace, ta tara ƙananan yara 'yan shekara 3 zuwa 5 ta riƙa koya musu da safe. Waɗansu kuwa suka ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba, me za a koya masa? A bari ya kai shekara shida a kai shi firamare. Kuɗin nan a ƙara a sayi taki." Ba a yanke shawara ba, aka ɗaga maganar sai taro na gaba.

Maganar dattijon nan ba ta banza ba ce. Taki ya yi tsada, kuɗin ƙungiya kuma gumi ne. Saboda haka na ce masa, "Baba, a ba ni lokaci in je in gani da idona." Ina da aboki wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, yanzu yana koyarwa a cikin birnin Kano. Na sauka a wurinsa kwana huɗu, ya zaga da ni lunguna. Ga abin da na gani, ga kuma abin da na karanta, domin kowace ƙungiya ta auna da kanta.

Gari mai tsohon karatu

Koya wa ƙaramin yaro karatu ba baƙon abu ba ne a cikin ganuwar Kano. Tarihin Kano ya nuna malamai Wangarawa sun zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Unguwar Madabo ta yi suna wajen karatu tun dā. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a Kano ya yi zaman koyarwa. Wato tun kafin Bature ya zo da biro da takarda, yaran wannan gari suna zuwa gaban malam da allonsu.

Ku dubi Malam Aminu Kano. An haife shi a unguwar Sudawa a 1920. Bai shiga makarantar boko ta Shahuci ba sai a 1930, yana da shekara goma. Amma karatunsa na fari a cikin gida ya yi shi, a hannun mahaifiyarsa da kakarsa. Daga baya shi kansa ya zama malamin makaranta, ya koyar a Bauci da Maru kafin ya shiga siyasa. Mutane suna tuna da jawabansa, amma ba kowa yake tuna da matan nan biyu da suka fara zaunar da shi a kan tabarma ba.

Soron malam da safe

Da sassafe abokina ya kai ni wani soro a wani lungu, ba nisa da Kasuwar Kurmi. A nan sai mu bambance abu biyu. Akwai almajiran da aka kawo daga nesa, waɗanda suke bara domin su ci, wannan wata magana ce dabam. Akwai kuma makarantar allo ta unguwa, inda yaran maƙwabta suke zuwa su yi karatu su koma gida wurin iyayensu. Irin ta biyun ce na gani.

Malamin dattijo ne. Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni malamin gona ne, na zo in ga yadda ake fara wa yaro karatu." Ya yi murmushi ya ce, "To, ɗana, ai aikinmu ɗaya. Zauna."

Abin da na lura da shi na fari, ƙananan da ke gaba ba su da allo tukuna. Suna zaune kusa da yayyensu, suna ji, suna maimaitawa. Malam ya ce yaro yakan yi watanni a haka, kunnensa yana sabawa, yana koyon zama wuri ɗaya. Sa'an nan a ba shi allo a fara masa babbaƙu, wato haruffa tsirara ba wasali. In ya gane su sai farfaru, a sa wa haruffan wasali. Daga nan sai haɗa su. Ba a tsallake mataki, ba a kuma wanke allo a rubuta sabon karatu sai yaro ya iya na jiya.

Na biyu, haruffan Larabci ne, amma an raɗa musu sunaye da Hausa yadda yaro zai riƙe, kamar "ba guje" da "lam jaye" da "ta kuri". Sunan yana bayyana siffar harafin. Na uku, kayan aikin duk na gida ne: allo na itace, alƙalami na kara, tawada ta gawayi da ƙaro. Na huɗu, kowane yaro da nasa karatun. Malam ya san inda kowa ya tsaya, ya san ubansa, ya san gidansu. Iyaye kuwa suna aiko da kuɗin Laraba gwargwadon hali.

Akwai abin da ban so ba, ba kuwa zan ɓoye ba. Bulala tana ajiye kusa da malam, na kuma ga yadda wani ƙaramin yaro yake kallonta maimakon kallon allonsa. Amma kafin mu nuna wa wani yatsa, mu tuna da makarantun ƙauyukanmu. Wane ne a cikinmu bai sha tsumagiya a aji ɗaya ba? Tsoro yakan sa yaro ya yi shiru, ba ya sa shi ya gane.

Ɗan Hausa ya fara da malamai

Boko ya shigo Kano ta hannun Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa saboda iya harshen da ya yi. A 1909 ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwa, inda Gidan Ɗan Hausa yake har yau. Abin lura shi ne, cikin abubuwan da ya fara yi har da ajin horar da malamai, da Hausa kuma aka riƙa koyarwa. Ya gane cewa ba a yin makaranta sai da malami.

An ga gaskiyar wannan a 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, wato firamare kyauta ga kowane yaro. Yaran da suka fito sun fi waɗanda aka yi tsammani nesa ba kusa ba. Mahaifina yana cikinsu, yakan ba mu labarin karatu a gindin bishiya. Aka rasa malamai, aka shiga horar da su da gaggawa, a shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Aka cika azuzuwa da yara, amma da yawa suka fita ba su iya karanta wasiƙa ba.

A wannan lokacin ne wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta fara aiki a unguwanni biyu na cikin gari, Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna yadda sana'ar matan kulle take dogara ga yara, gama su ne 'yan aike, su ne masu talla. A Kurawa, inda ma'aikatan albashi suka fi yawa, an fi sa yara a boko. A Ƙofar Mazugal ta 'yan kasuwa kuwa 'yan mata sun fi yawa a talla. Mu ma mun san irin wannan. Yaronmu ɗan shekara biyar shi ne mai kiwon awaki, yarinyarmu ita ce mai goyon ƙaninta. Duk wanda zai buɗe ajin ƙananan yara bai yi tunanin wanda zai maye gurbinsu a aikin gida ba, zai iske ajinsa wayam.

Aji biyu

Abokina ya kai ni makarantun firamare biyu masu ajin share fage, wato ajin da yaro yake yi kafin aji ɗaya. Ba zan faɗi sunayensu ba.

A ta farkon, yara sun cika ɗaki maƙil, har bakin ƙofa. Malami ɗaya ne, an ɗauko shi daga manyan azuzuwa domin ba a sami wani ba. Ya rubuta haruffan Turanci a allon bango, yana faɗa da ƙarfi, yara suna amsawa da ƙarfi. Aka yi haka fiye da rabin sa'a. Waɗanda ke baya waɗansu suna barci, waɗansu suna faɗa. Da aka tashi na nuna wa wata yarinya harafi ɗaya na tambaye ta sunansa. Sai ta fara rero su duka daga farko. Ta haddace jerin, amma ba ta san harafin ba. Ban ga laifin malamin ba. Ya ce mini, "Malam, ni lissafi na karanta. Ba wanda ya taɓa nuna mini yadda ake yi da waɗannan."

A ta biyun ma yara suna da yawa, ɗakin kuma ba kujeru sai tabarmi. Amma malamar ta karanta sashen rainon ƙananan yara a kwaleji. Tana tsaye a bakin ƙofa, kowane yaro ya zo sai ta kira sunansa, ya gaishe ta, ta dubi hannuwansa da idanunsa. Bayan sun zauna ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ba ta kai ƙarshe ba ta tsaya ta ce, "To, wa zai gaya mini abin da Gizo zai yi yanzu?" Hannuwa suka tashi. Wani yaro ya faɗi abin da ba ya cikin tatsuniyar sam, ba ta tsawata masa ba, ta ce, "Don me ka ce haka?" Ya yi bayani, sauran suka yi dariya, shi ma ya yi.

Sa'an nan ta raba su kashi huɗu. Kashi ɗaya suna zana harafi da yatsa a cikin yashi a faifai. Kashi na biyu suna ƙirga ƙwallon dabino, suna sa biyar biyar a murafun kwalba da gwangwanaye. Na uku suna gina tukwane da shanu da laka. Na huɗu suna tare da ita, tana tambayarsu, "Wace kalma ce take farawa kamar 'baba'?" Wani ya ce "bante", wata ta ce "barkono", wani ya ce "tasa". Ta maimaita masa su biyun a hankali har ya ji bambancin da kunnensa.

Da aka tashi na ce, "Malama, yaushe za su fara karatu sosai?" Ta dube ni ta ce, "Malam, ai karatun ke nan ka gani. Ba kai ne malamin gona ba? Kana dasa tumatir ranar da ka zuba iri?"

Abin da malamar take shiryawa

Ta faɗi gaskiya. Duk mai noman rani, ko a Kadawa ko a fadamar ƙauyensu, ya san fangalin raino. Ƙarami ne, ba a samun ko kwando ɗaya na tumatir a cikinsa. Amma a nan ake tankaɗe ƙasa, a yi rumfa, a ba da ruwa safe da yamma da hannu mai sauƙi. In dashe ya fito siriri, rawaya, ko buhu nawa na taki aka zuba masa a gona ba zai kamo ɗan'uwansa ba. Ba mu ne muka fara wannan kwatanci ba. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a garin Blankenburg, a 1840 ya sa mata suna Kindergarten, ma'anarsa lambun yara.

Masana lafiya sun nuna cewa kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Abubuwa shida ne malamin ƙananan yara yake shiryawa a wannan lokaci.

Na ɗaya, baki. Yaron da aka saba yi masa magana, ana tambayarsa, ana sauraron amsarsa, yakan tara kalmomi da yawa. Ranar da ya fara karatu, zai gane abin da yake karantawa domin ya riga ya san kalmomin. Tatsuniya da kacici-kacici ba ɓata lokaci ba ne.

Na biyu, kunne. Kafin yaro ya gane cewa alamar "b" tana da sauti, tilas ya fara jin cewa "baba" da "bante" da abu ɗaya suka fara. Hausa tana da sauƙi a nan, gama yadda ake faɗa haka ake rubutawa.

Na uku, hannu. Yatsun ɗan shekara huɗu ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba tukuna. Ginin laka, da zane a yashi, da shirya duwatsu, da wasan carafke, su ne suke ƙarfafa su.

Na huɗu, ƙirga. Rera "ɗaya, biyu, uku" dabam, sanin cewa ƙwallo biyar sun fi uku dabam. Sai yaro ya taɓa da hannunsa, ya raba, ya haɗa.

Na biyar, zama da mutane. Jiran layi, karɓa-karɓa, gama aikin da aka fara, tambaya ba tare da tsoro ba. Malaman aji ɗaya sukan ce rashin wannan ne ya fi ba su wahala.

Na shida, lafiya. Malamar nan ta gaya mini ta taɓa gano yaron da ake cewa dolo ne, ashe kunnensa ne yake zubar da ruwa, ba ya ji sosai. Ta je gidansu ta yi wa mahaifiyarsa magana aka kai shi asibiti. Malamin da yake ganin yaro kullum shi ne zai fara lura da rama, da kumburin ciki, da ciwon ido. Yaro mai jin yunwa kuwa ba ya koyon kome.

Shaida daga nesa

Mai yiwuwa wani ya ce, wannan duk ganin ido ne na kwana huɗu. To, akwai waɗanda suka bi yara shekara da shekaru suna aunawa.

A garin Ypsilanti na ƙasar Amurka, daga 1962 zuwa 1967, an ɗauki yara 123 na gidajen talakawa. Aka sa kusan rabinsu a ajin share fage na sa'a biyu da rabi kowace safiya, malamai kuma suna ziyartar gidajensu kowane mako. Sauran ba a sa su ba. Aka bi su duka har suka kai shekara 40. Waɗanda suka yi ajin sun fi gama sakandare, sun fi samun abin hannu, an kuma fi ƙarancin kama su da laifi. Amma a lura, malaman horarru ne, kowannensu kuma yara kaɗan yake riƙe da su.

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su, duk 'yan ƙasa da shekara biyu. Waɗansunsu, ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa zuwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da magana da 'ya'yansu, da kayan wasa na gida. Bayan shekara 20 aka sake nemo su. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗi fiye da sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Ba gini aka yi ba, ba injin aka sayo ba. Mutum ne ya zauna da uwa da ɗanta.

A nan Afirka ma, a Mombasa ta ƙasar Kenya, Gidauniyar Aga Khan ta fara wani shiri a 1986. Jama'ar unguwa ne suke kafa ajin ƙananan yara, su zaɓi matan unguwarsu a horar da su, su kuma riƙe makarantar da kansu. Daga baya shirin ya kai Zanzibar da Uganda. Wannan ya fi kama da abin da ƙungiyoyinmu suke tunani.

Abin da doka ta ce

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci ilimin share fage, amma ta bar shi a hannun masu zaman kansu. Saboda haka shekaru da yawa sai mai kuɗi ne yake kai ɗansa nazare. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe. Manufar da aka sabunta a 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ta kuma ce malami ɗaya ga yara 25. A Jihar Kano an yi shelar ilimi kyauta kuma tilas a 2019, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Doka tana nan a takarda. Aikinmu ne mu je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma mu tambaya ko makarantar garinmu tana da ajin, wa kuma yake koyarwa a ciki.

Game da harshen koyarwa, gwamnati ta yi ta sauya magana. A 2022 aka amince a koyar da harshen gida har ƙarshen firamare, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar an koma Turanci. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da su da Yarabanci, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ba su gaza sauran ba ko a Turancin. Ɗan shekara huɗu, a fara masa da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ya biyo baya a hankali.

Me ƙungiya za ta iya yi?

1. A fara da neman malama, ba da gini ba. A zaɓi mace mai haƙuri, wadda ta iya karatu da rubutu sosai, yara kuma suna sonta. In akwai mai takardar NCE a garin tana zaune ba aiki, ita ce ta fari. Zumuntar mata sun fi kowa sanin wadda ta dace.

2. A aika ta ta zauna mako biyu ko uku a ajin wata gwanar malama ta gani da idonta. A kuma roƙi ofishin ilimi su riƙa sa ta cikin bitar da ake yi wa malamai.

3. Wuri ba shi da wuya. Majami'a tana nan a rufe daga Litinin zuwa Jumma'a, ko kuwa a yi rumfa a inuwar mangwaro. A buɗe ƙofa ga kowane yaro na garin, ba na 'yan ƙungiya kaɗai ba.

4. Kada yara su wuce 25 ga malama ɗaya. In sun fi haka a sami mataimakiya, ko iyaye mata su riƙa zuwa bi da bi.

5. Sa'a uku da safe sun isa. A shirya lokacin tare da iyaye mata, a kuma yi shawara a kan wanda zai ɗauki kiwo da goyo a lokacin.

6. A biya ta ladanta a kan kari. Aikin sa kai yakan yi wata uku ya mutu. Kowane gida zai iya ba da tiya ɗaya ko biyu ta hatsi da kaka, ko kuwa a ware gona ɗaya a yi mata gayya, abin da aka samu ya zama na ajin.

7. Kowane yaro ya sha kunu da hantsi. Muna da dawa da gero, muna da waken suya da gyaɗa. A soya, a niƙa, a haɗa. A riƙa duba katin rigakafin kowane yaro.

8. Kada a kawo bulala cikin ajin. Kada kuma iyaye su matsa wa malama cewa yaro bai fara rubuta Turanci ba. A tambayi yaro tatsuniyar da aka yi yau, a ba shi wake bakwai ya raba wa mutum biyu a ga abin da zai ce game da ragowar.

9. A ƙarshen shekara, malamar ta kai yaran da hannunta wurin malamin aji ɗaya, ta gaya masa halin kowannensu.

Da na dawo na je na gai da dattijon nan, na ba shi labarin duka. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ji. Amma in za a yi, a yi da gaske. Kada a tara mini jikoki a inuwa suna cin ƙasa a ce makaranta ce." Na ce, "Baba, wannan ita ce maganar." Aji marar malama ta gari bai fi zaman gida ba. Taro na gaba yana nan tafe, shawara kuma taku ce.

Tambayoyi domin tattaunawa a taron ƙungiya

1. Yara nawa 'yan shekara 3 zuwa 5 ne a garinmu? Ina suke wuni sa'ad da muke gona ko kasuwa?

2. Cikin yaranmu da ke aji uku da aji huɗu, nawa ne za su iya karanta wannan takarda da ƙarfi? A gwada a gani.

3. Wace mace ce a cikinmu ta dace da wannan aiki, da me kuma za mu biya ta har shekara ta zagayo?

Ku rubuto mana abin da ƙungiyarku ta yanke, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.